Minti Huɗu a Fayil ɗin Abu Mish'al

Auwalu, tunda ka ce aikina danna maɓalli ne, ajiye wayar nan ka matso. Ku ma sauran samari ku gyara zama. Ban ga laifinka ba, Bakano ne kai, kuma Bakano in ya ga mutum zaune a inuwa yana samun na abinci, sai ya ɗauka shi ma gobe zai buɗe shago. Ni Lawali mutumin Damagaram, na kusa shekara ashirin ina wannan danna maɓallin a Riyad, kuma sau ɗaya ya kusa mayar da ni gida da jaka ɗaya a hannu.

Bari in fara gaya muku abin da nake juyawa, don na lura rabinku kun ɗauka tikitin jirgi nake sayarwa. Jirgin da muke wa aiki ba shi da inji. Wani jirgi mai farfela ke jan shi da igiya, ya kai shi sama ya sake shi. Daga nan sai matuƙi ya nemi iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa, ya yi ta kewayawa a cikinta har ya yi sama, sannan ya miƙe ya nufi wata. Larabawa suna ce masa shira'i, ni kuwa shirwa nake ce masa, don tafiyarsu ɗaya. A cikin kowace shirwa akwai wata 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanka girma ba, sunanta loga. Duk bayan 'yan daƙiƙoƙi takan rubuta layi guda: ƙarfe nawa, ina jirgin yake, tsayinsa nawa. Mutum in ya yi awa biyar a sama, zai sauko da dubban layuka, lambobi manne da juna babu ko waƙafi. Wannan shi ne fayil ɗin IGC. Babu wanda zai kalle shi ya ce masha Allah. Aikina in juya shi zuwa abin da ido ke so. Mai son ya nuna wa abokai tafiyarsa a kan taswira, in ba shi KML. Mai son ya sa a waya, in ba shi GPX. Mai son ya zauna ya yi nazarin inda ya yi kuskure, in ba shi CSV, wato jadawali, kowane abu a ginshiƙinsa.

Da bizar direba na zo. Kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin bizata, Abu Mish'al, yana da masana'antar bututun roba a Birnin Masana'antu na Biyu, kuma duk abin da bututu ya kawo masa shirwa ke cinyewa. Kowane ƙarshen mako ni ke jan doguwar tirelar jirginsa zuwa wani fili a arewacin gari, can cikin sahara. In sun tashi sama, ni sai in zauna a rumfa ina korar ƙuda. A rumfar nan na tarar da Mu'allim Tajuddin, wani tsohon injiniya ɗan Sudan, shi ke karɓar loga daga hannun matuƙa. Rana ta uku ina waya da gida, sai na ji ya ce da ni, "Kai ɗan Damagaram, rage murya, ka cika mana kunne." Wayar ta kusa faɗuwa daga hannuna. Ashe kakanninsa Hausawa ne da suka taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a Sudan, zangon da har yau ba a tashi ba. Hausarsa irin ta tsofaffin da ce, in yana magana sai ka ji kamar kakarka ce ta koyi kwamfuta.

Ya tambaye ni ko na yi boko. Na ce na yi lakwal, bokonmu na Nijar, har aji shida, na iya lamba. Ya ce lamba kawai yake so, idanunsa sun fara gajiya. Wata uku bai bar ni na taɓa kwamfutar ba. Sai ya buga layi ɗaya a takarda ya miƙo mini, ya ce in raba shi da biro: nan lokaci, nan arewa, nan gabas, nan tsayin da iska ta nuna, nan tsayin da tauraron ɗan adam ya nuna. In na yi kuskure ba ya faɗa. Sai ya ce, "Madalla, ka kashe matuƙi. Sake."

Aikin farko da ya bar ni na yi ni kaɗai, na kafil ɗina ne. Tafiya ce ta awa biyu, yana so ya nuna wa baƙinsa a majalisa. Na juya fayil ɗin zuwa KML, na sa a filasha, na kai masa ina taƙama. Bayan la'asar baƙi suka taru, aka zuba gahawa, aka kunna babban talabijin. Taswirar duniya ta juya, ta wuce Riyad, ta wuce Sham, ta haye teku, ta sauka a kan wasu duwatsu masu kore shar. Ga jan layin tafiyar Abu Mish'al yana kewaya wani ƙauye mai jajayen rufi. Wani baƙo ya matsa kusa ya karanta sunan ƙasar: Romaniya. Ya juyo ya ce, "Masha Allah ya Abu Mish'al, awa biyu ba inji, kuma ba biza!" Aka yi dariya har wani ya zubar da gahawa a farar rigarsa.

Da na koma wurin Mu'allim, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Loga yana fara rubuta arewa ne sannan gabas. KML kuwa gabas yake so tukuna. Ka juya su, ka kai mutum Turai. Na san za ka yi." Na ce to don me bai gaya mini ba? Ya ce da ya gaya mini da na manta kafin Juma'a, yanzu kuwa har in mutu ba zan manta ba. Gaskiyarsa. Auwalu, kai da ka ce maɓalli ne, ka san wanne ke fara zuwa a GPX? Ka gani. Yi shiru ka sha shayinka.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ba wanda zai sace su. Akwai tsohuwar kwamfutar cinya mai nauyin buhun gishiri, wadda muka riƙe saboda ita kaɗai ke da bakin da tsofaffin loga ke magana da shi. Akwai kebul mai haƙora tara, in ɗaya ya lanƙwashe ka yi kwana uku kana zargin kwamfuta a banza. Akwai burushin goge baki, don ƙurar filin nan tana shiga ko'ina. Akwai filasha biyu, baƙa da ja. Baƙar ta asali ce, jar ta aiki. Dokar Mu'allim ta farko ita ce, da zarar ka sauke fayil daga loga, ka ajiye shi a baƙar filasha ka cire ta ka sa a aljihu, duk wasan da za ka yi ka yi shi a kan kwafi. Dalili kuwa, a ƙarshen kowane fayil akwai wasu layuka na haruffa barkatai, shi ne hatimin loga. Ka canja lamba ɗaya a cikin dubban layukan nan, hatimin ya karye, duk wanda ya duba zai san an taɓa. Duk mai karatun hadisi a cikinku ya fi kowa gane wannan. KML da GPX da CSV duk ruwayoyi ne, kowanne da abin da yake zubarwa a hanya. In gardama ta tashi, asali ake komawa.

Masu kawo aiki kuwa, Allah ya yi su iri-iri. Akwai likitan haƙori da kullum yake so a yi masa layinsa da kauri, wai na sauran ya fi nasa fitowa. Akwai wani injiniya da ba ya yarda a ba shi tsayi da mita, sai da ƙafa, don lambar ta fi yawa. Wanda ba na mantawa shi ne wani bawan Allah da ya kira ni ina tsakiyar cin abinci, ya ce in yi wa matarsa bayani. Ya nuna mata jadawalin tafiyarsa don ya burge ta, ita kuwa ba ta kalli tsayi ko nisa ba, ta tafi kai tsaye layin ƙarshe ta ga ya sauka ƙarfe biyu na rana. Shi kuma bai shigo gida ba sai bayan magariba. Na ce mata, "Ya Ummu fulan, agogon loga ba na Riyad ba ne, na duniya ne, yana bayan namu da awa uku. Ƙarfe biyar ya sauka." Ta ce in rantse. Na rantse. Labarin ya zaga rumfa, mako na gaba wani ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ana iya ƙara awa ukun nan sau biyu. Na ce masa ni fayil nake juyawa, ba na juya aure.

Mu'allim ya koma Sudan da ciwon suga ya taɓa masa ido. Ya bar mini kwamfutar da kebul da burushi, ya ce, "Ka iya. Abin da ya rage maka ka koyi yin shiru, wannan kuwa ba ni da shi balle in koya maka." Na yi shekara biyu ni kaɗai a rumfar lafiya lau. Sai shekarar da nake ce wa shekarar tumatur ta zo.

Abu Mish'al yana da buri ɗaya a duniya. Akwai lambar yabo da ake ba matuƙin da ya yi kilomita ɗari uku ba inji: ya tashi daga fili, ya taɓa kusurwa biyu da aka tsayar tun kafin tashi, ya dawo inda ya fara. Shekara bakwai yana nemanta. Na ɗauko shi daga gonar dabino, na ɗauko shi daga bakin titi, sau ɗaya na same shi zaune a kan fiffike raƙuma sun kewaye shi suna sansanar jirgin. Da ya gaji da wannan, sai ya sayo sabuwar shirwa mai ɗan injin ceto a naɗe a bayanta. In iska ta ƙi ka, ka ga ƙasa na matsowa, sai ka fito da shi ka kunna ka koma gida. Ba laifi ba ne, kariya ce. Sai dai da zarar ka kunna shi, tafiyar ta mutu, ba ta shiga neman lambar yabo. Jirgin sabo ne, amma tsohon logansa ya ɗora a ciki, wai ya saba da shi.

Wata Juma'a da zafi ya fara, ya tashi da hantsi. Awa biyar da rabi ba mu gan shi ba. Can la'asar sai ga shi ya ɓullo daga kudu, ya sauka a gabanmu, ya buɗe murfi yana ɗaga hannu biyu. Aka rungume shi, aka yanka raguna biyu, aka yi kabsa, dafa-dukansu na shinkafa da nama, har ma'aikatan filin suka ƙoshi. Akwai wani dattijo, Abu Salim, tsohon ma'aikacin filin jirgi, shi ne shaidan da ke sa hannu a takardar neman lambar kafin a aika da ita. Washegari da safe ya zauna kusa da ni, na sa kebul, na sauke fayil ɗin. Tafiyar ta fito da kyau, kusurwa biyu an taɓa su, nisa ya cika. Sai Abu Salim ya ɗora yatsa a saman fayil ɗin ya ce, "Wannan kwanan watan fa?"

Na duba. Loga ya ce an yi tafiyar shekara goma sha tara da 'yan watanni da suka wuce. A lokacin Abu Mish'al ko jirgin takarda bai taɓa tuƙawa ba.

Abu Salim ya cire tabarau ya ce ba zai sa hannu a kan wannan ba. Kafin rana ta faɗi an kawo mini wasu tsofaffin loga huɗu, duk haka suka nuna. Akwai wani matuƙi ɗan shekara ashirin da huɗu, nasa fayil ɗin ya nuna ya yi awa uku a sama yana ɗan shekara biyar. Da farko an yi dariya. Daga baya wani ya lura cewa duk fayilolin nan ta kwamfuta ɗaya suka bi, ta Lawali, tsohuwa mai nauyin buhun gishiri. Magana ta tashi, kuma kun san magana ba ta buƙatar igiyar ja.

Abu Mish'al ya kira ni ofishinsa. Ya ce, "Ya Lawali, gyara kwanan watan, khalas, shi ke nan."

Na ce, "Ɗal umrak," wato ranka ya daɗe irin nasu, "lamba shida ce kawai, amma in na taɓa ɗaya hatimi ya karye. Gara fayil mai kwanan wata mara kyau da fayil mai karyayyen hatimi."

Ya ce, "To nemo hanya." Sai ya jawo aljihun tebur, ya fito da takardun sabunta iƙamata, wato izinin zamana a ƙasar, saura mata wata biyu, ya ajiye a gefe ya ɗora kofin shayi a kai.

Na fita na kira Mu'allim a Sudan. Da na gama bayani sai na ji yana dariya har da tari. Ya ce, "Ɗan Damagaram, ba kwamfutarka ba ce. Tsofaffin loga makonni suke ƙirgawa. In sun kai dubu ɗaya da ashirin da huɗu, ƙwaryar ta cika, sai su zubar su koma farko. Ɗauki kwanan watan da ya nuna, ka ƙara masa makonni dubu ɗaya da ashirin da huɗu, ka ga inda za ka faɗo." Na ƙara. Na faɗo daidai kan Juma'ar da aka ci kabsa. Na gwada sauran huɗun, kowanne ya faɗo kan ranarsa. Na tafi wurin Abu Salim da gudu. Ya sake lissafin da kansa da kalanda, ya gyaɗa kai ya ce, "Tayyib. Zan rubuta wasiƙar bayani in haɗa da asalin fayil ɗin. Kai kuma ka kawo mini cikakken jadawali, kowane ginshiƙi, kada ka bar ko ɗaya, in duba kafin in sa hannu."

Na dawo ɗakina a nan Utaiqa ina jin kamar an sauke mini dutse. Na buɗe jar filasha, na juya fayil ɗin zuwa CSV. To, loga yana da kunne. Akwai wani ginshiƙi a can ƙarshen layi da ke auna ƙarar da ke cikin jirgi. KML ba ya ɗaukarsa, GPX ba ya ɗaukarsa, shi ya sa babu wanda ya gan shi a taswira. A shirwa mai tafiya shiru lambar ƙanƙanuwa ce, ashirin, talatin. Na gangara da ido ina hamma: ashirin, ashirin da biyar, ashirin. Da aka zo kusa da kusurwa ta biyu, tsayi ya yi ta raguwa har jirgin ya kusa goge kan dabino. Sai ginshiƙin ya yi tsalle ya haura ɗari tara. Ya zauna a can minti huɗu cur. A cikin minti huɗun nan jirgin ya hau sama mita ɗari huɗu a miƙe, ko kewayawa ɗaya bai yi ba. Daga nan lambar ta koma ashirin kamar ba ta san komai ba.

Na rufe kwamfutar na je na yi alwala. Takardar da za ta wanke ni ita ce za ta tsirara kafil ɗina, kuma iƙamata tana ƙarƙashin kofin shayinsa.

Washegari bayan azahar na shiga ofishinsa da shafi uku, na rufe ƙofa da kaina. Na ce, "Ɗal umrak, albishirinka, fayil ɗin ya warke." Ya miƙe tsaye zai rungume ni. Na ce, "Sai dai da ya warke, ya fara magana." Na shimfiɗa shafukan, na bi ginshiƙin da biro har wurin.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Taga na buɗe. Zafi."

Na ce, "Taga takan kai ɗari biyu, ɗal umrak."

Ya ce, "Tari ya kama ni."

"Minti huɗu?"

"Ina waƙa kuma. Mutum in yana shi kaɗai a sama yakan yi waƙa."

Na ce, "Wallahi muryarka tana da daɗi, amma ban san tana ɗaga jirgi mita ɗari huɗu ba."

Na ɗauka a nan zai ce in haɗa kayana. Fuskarsa ta yi ja, ya kalli ƙofa, ya kalli kofin. Sai ya koma ya zauna a hankali. Ya tambaye ni ko ana iya cire ginshiƙin. Na ce daga jadawali ana iya cirewa da danna maɓalli ɗaya, irin wanda Auwalu ke magana, amma Abu Salim ya ce kada a bar ko ɗaya, kuma asalin zai tafi tare da wasiƙar, can ma za su buɗe kunnen su saurara. Ya ce, "Wa ya gani?" Na ce, "Ni da kai da loga." Ya ce in je in gaya wa Abu Salim fayil ɗin ba ya gyaruwa. Na ce wannan kam ba zan iya ba, don jiya na nuna masa yana gyaruwa, amma mai nema yana da ikon janye nemansa ba tare da ya faɗi dalili ba.

Haka ya yi. Ya janye. Duk wanda ya tambaye shi sai ya girgiza kai ya ce, "Matsalar kwanan wata." Bai taɓa cewa Lawali ne ba, amma bai taɓa cewa ba Lawali ba ne. Mutane suka cike masa gurbin. Ya sa hannu a iƙamata a makon, ya kuma ce filin ya ishe ni haka, daga yanzu ni ke sayo kayan miya na kicin ɗin ma'aikata daga kasuwar Aziziya. Na gane ba ya son ya riƙa haɗa ido da ni a rumfa. Ban ce ya yi mini daɗi ba. Shekara guda ina ɗaukar akwatunan tumatur kowace safiya, hannun da ke raba layi da biro ya koma warin albasa. In na haɗu da wani matuƙi a masallaci sai ya gaishe ni irin gaisuwar da ake wa wanda aka yi wa mutuwa. Sau da yawa magana ta zo mini har kan harshe. Sai in tuna Mu'allim, in haɗiye.

A filin kuwa suka koma juya fayil da kansu a shafukan intanet, ka ɗora ka danna ka sauke. Ya yi musu aiki wata biyu. Wata safiya ina cinikin kabewa sai na ji an taɓa kafaɗata. Likitan haƙori ne, da farar rigarsa a tsakiyar kasuwa yana ɗage ƙafa kada ya taka ruɓaɓɓen lemo. Ya nuna mini wayarsa. Shafin ya ɗauki tsayin iska a madadin na tauraro, taswira ta nuna shi yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa wajen sauka, ya ratsa cikin tudu ya fito ta ɗaya gefen kamar gafiya. Ya ce 'ya'yansa suna yi masa dariya. Na ɗauko kwamfutar daga mota, na ɗora a kan buhun albasa, na gyara masa, na kuma ƙara wa layin kauri ba tare da ya roƙa ba. Daga ranar suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa kada in gaya wa sauran ya zo. Masu tumatur suka ɗauka magani nake sayarwa.

Da zafi ya sake zagayowa, wata Alhamis Abu Mish'al ya aiko a kira ni. Ya ce gobe in ja tirela. A fili, kafin ya shiga jirgi, ya kira Abu Salim ya ce ya ɗaure murfin injin ceton da waya ya sa masa hatimin darma. Abu Salim ya ce doka ba ta ce sai an yi haka ba, kuma in iska ta ƙi shi fa? Ya ce, "Lawali ya san hanyar raƙuma." Ya tashi.

Awa shida muka jira. Na cika tankin mota, na shirya igiya da ruwan sha, ina jiran kira daga gonar wani. Sai ga shi ƙasa-ƙasa daga kudu, ya tsallake shingen filin da abin da bai fi tsayin mutum biyu ba, ya sauka. Da aka buɗe murfi bai ɗaga hannu ba. Ya cire sabon logansa da hannunsa, ya ratsa mutane ya miƙo mini. Na tambaye shi ko KML zan fara yi, a ga taswira. Ya ce, "La, a'a. Jadawali. Ginshiƙin ƙarshe." Ya tsaya a kaina, Abu Salim a ɗaya gefen, muka gangara tun daga sakin igiya har sauka. Ashirin, talatin, ashirin. A wuri ɗaya ya taɓa ɗari da hamsin na daƙiƙa takwas. Na ɗago na kalle shi. Ya ce, "Wannan kam tari ne, wallahil azim."

A wurin cin kabsar, bayan an wanke hannu, ya miƙe a gaban kowa ya ba da labarin bara da bakinsa: injin, ofis, taga, waƙa, duka. Ya ce shekara guda Lawali yana ɗaukar tumatur a kan laifin da ba nasa ba. Likitan haƙori ya shaƙe da dariya. Abu Salim bai yi dariya ba, ya dai taso ya ba ni hannu ya daɗe bai saki ba. Ranar Asabar na koma rumfata.

Shi ya sa nake iya ba ku labarin ba tare da na ci amana ba, don yanzu ya zama nasa, ba baƙon da zai shiga majalisarsa bai ji shi ba. Sai dai na lura da wani abu. A shekarar farko minti huɗu ne. Da aka jima ya koma minti biyu. Da azumin da ya wuce ina zuba wa baƙi gahawa na ji yana cewa injin ma bai gama kamawa ba ya kashe shi, daƙiƙa talatin in ya yi yawa. Ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, ya Lawali?"

Na ce, "Ɗal umrak, bari in ɗauko baƙar filasha mu duba."

Ya ce, "Zuba gahawa, zuba gahawa."